Nonon da Aka Aiko wa Amarya

A gidanmu ba a cewa yunwa. Yaro yana iya faɗa, daga ranar da aka yaye shi har ya fara wayo, daga nan kuma Inna za ta fara murɗe masa baki. Babba kuwa, ko hanjinsa na kuka har na kusa da shi yana ji, iyakarsa ya dubi rana ya ce yau an makara da ɗora tukunya. A ganin Inna, duk wanda ya ce yana jin yunwa a gidan ubansa ya fita dandali ne ya yi shelar cewa rumbun uban ya ƙare.

Inna tana da kunnen rarrabe buƙata yadda take tsince tsakuwa daga tsaba a faifai. Idan ka zo kana matse ciki, sai ta dube ka sama da ƙasa ta yanke hukunci. In yunwa ce, a ba ka abin da ke akwai ko da ɗumame ne, kuma ita ke gaba da kowace buƙata. In ka ture ɗumamen ka ce wainar maƙwabta kake so, wannan kwaɗayi ne, maganinsa ranƙwashi. Marmari na tsofaffi ne da masu jinya, waɗanda bakinsu ya tuno abin da suka daɗe ba su ci ba. Shi lallashinsa ake yi, a ce Allah ya kai mu ranar kasuwa. Baba kuma yana da ƙawar goro, wadda in ta motsa har awakin gida sun san su kauce masa. Ni dai ranƙwashi na fi sha, don an haife ni da hanci mai jiyo miyar gida uku da baki marar murfi.

Kwaɗayi ɗaya ne kawai ake miƙewa tsaye dominsa, shi ne na mace mai ciki. A ƙauyenmu, can bakin Gulbin Kaba, tafiyar hantsi a ƙafa kafin Gazawa, idan mai ciki ta jiyo ƙamshin girkin wani gida ranta ya biya, ba ita ke zuwa ba. Wata daga gidansu ce za ta ɗauki ɗan kwano ta je ta yi sallama ta ce baƙonsu na ciki ne ya aiko ta. Ba a hana ta, ko da gidan da ba ku ga maciji ne. An yarda cewa ba matar ke roƙo ba, na cikin ne, shi kuwa bai san kunya ba tukuna. In aka hana shi, sai a haife shi baki buɗe yana dalalar miyau, kuma duk gari zai san inda aka yi rowar. Da wannan al'adar na ciyar da gidanmu a fari na biyu, da ita kuma na aikata abin da ya zaunar da ni yau ina rubutu a kaye, littafin rubutun jikata ƴar lakol, wato makarantar boko.

Fari na farko ya same ni ina yarinya, abin da na riƙe daga cikinsa ƙasusuwan shanu ne a hanyar rijiya. Na biyu ya same ni da hankalina. Auren da na yi a garin Agye ya mutu, na dawo gidan Baba da ɗiyata ƴar shekara biyu da rabi. Damina ta yi mana ruwa uku ta ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ko karan danga mai kyau bai bayar ba. Ƙanena, wanda shi ne ƙarfin gonar, ya jira har ya ga abin da aka tara bai kai a kira shi kaka ba, sai ya bi daji ya tsallaka kudu neman aikin ƙarfi. Ya bar mana matarsa, bai ma san da ciki ya bar ta ba.

Amarya muke ce mata, ko da yake ta shekara biyu a gidan. Ɗiyar Fulanin da ke sauka gonarmu ce. Duk bayan girbi sukan zo da shanunsu su ci kara su bar mana taki, a nan ƙanena ya gan ta. A wannan shekarar shanun suka zube ɗaya bayan ɗaya, iyayenta suka kora abin da ya rage suka yi kudu, ba wanda ya san inda suka yada zango. Don haka ba ta da gidan da za ta koma goyon ciki kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Hausarta a hankali take fita, kamar mai taka ƙaya. Adda take kirana, wato yaya da bakinsu. Ni kuwa ba na barin ta ta huta da tsokana, in ce mata ƴar daji, in ce ta shigo gari ta ga ƙofa ta rasa ta inda ake buɗe ta. Sai ta rufe baki da gefen zane ta yi dariya. Ina son ta ƙwarai, kuma ina so a san haka kafin a ji sauran.

Idan mu ba ma cewa yunwa, ita ko cin abinci ba ta yarda a gan ta tana yi. Tun da ta shigo gidan, Baba da Inna ba su taɓa ganin ta kai loma baki ba. Sai ta ɗauki rabonta ta shige ɗaki ta saki asabari.

Kafin bazara ta yi nisa mun koma kan dusa da ganyen jiga da anza. Anza ƴaƴan wani ɗan itacen daji ne masu ɗacin gaske, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Duk da haka Baba bai fasa jingina tsani a jikin rumbu kowace safiya ba. Ya hau, ya ɗaga murfi, ya sunkuya ciki, ya sauko da ƙwarya a rufe, alhali tun sanyi ko ɓera ya daina zuwa rumbun. Inna kuma ta zuba dusa a turmi ta yi ta luguden taɓarya don maƙwabta su ji ana daka. Maƙwabtan ma abin da suke yi ke nan. Gari guda kowa ya san na kowa, ba mai tonawa. An taɓa kawo jar dawa Gazawa a kamyo, babbar motar kaya, na je na yi layi tun hantsi har la'asar, abin da na samo bai kai mu mako ba.

Akwai gidaje kaɗan da hayaƙin gaske ke tashi a cikinsu. Gidajen fatake ne, waɗanda kakanninsu suka zo daga kudu, har lokacin kuma suna da dangi a can, ana shigo musu da masara da garin rogo ta daji a kan jakuna. Wata rana da la'asar ni da Amarya muna saƙar tabarmar kaba, iska ta kwaso ƙamshin miyar kuka da daddawa daga ɗaya daga cikin gidajen ta jefo mana. Cikinta ya fara fitowa a lokacin. Na ga maƙogwaronta ya motsa, ta haɗiye miyau, ta ƙara sunkuyar da kai kan saƙarta. Ban tambaye ta komai ba, na miƙe na ɗauki kwano.

“Baƙonmu na ciki ya aiko ni,” na ce wa matar gidan. “Ya ce miyarku ta hana shi sakat.”

Ta tafa hannu ta yi dariya. “Ashe ɗiyar Hillanin ta samu. Allah shi raba lahiya.”

Ta saka mini malmala biyu na tuwon masara, ta malala miya. Da na dawo na ajiye kwanon a gaban Amarya, kamar ƙasa ta tsage ta shige.

“Adda, ni ban aike ki ba.”

“Wa ya ce ke kinka aike ni? Ɗanmu ya aike ni, ke ina ruwanki.”

Ta gutsuri ɗan kaɗan ta juya baya ta kai baki, don a ce an cika al'ada, ta turo mana sauran. Inna ta ci tana kallon danga. Baba ya ci bai tambayi daga ina ba. Ɗiyata ta lashe kwanon har ba a buƙatar wanki.

Daga ranar abin ya zama sana'ata. Da hantsi sai in fito in duba inda hayaƙi ke tashi, in san inda ɗanmu zai aike ni yau. Gidan da ke da wake, wake yake so. Gidan da na hango ana shanya ƙanzo, to ƙanzo ya kwana yana kira. Cikin wata guda wannan yaro da bai ga duniya ba ya yi kwaɗayin duk abin da ke cikin tukwanen garin. Matan ba wawaye ba ne, sun gane. Wata ta ce mini, “Wanga ɗa naku, ran da ya hito sai mun ɓoye tukwane.” Amma ta zuba. Suna ragewa, amma suna zubawa. A tunanina, da na ce musu yunwa ce da sun ce babu, don yunwa ta kowa ce kuma ba ta da gindi, ba mai iya cika ta. Kwaɗayi kuwa ɗan abu ne, cokali biyu ya kashe shi, mai bayarwa ta samu lada, mai karɓa ta koma da mutuncinta.

Na yi alfahari da wayona, ba zan ɓoye ba. Ni ke samowa, don haka ni ke rabawa. Rabon Amarya shi ne ƙarami kullum, ina cewa ai ita cin tsuntsu take yi, ita kuma ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi na wani ba. Idan ta shige ɗaki da ɗan rabon nata, ɗiyata takan lallaɓa ta bi ta, ta fito tana tanɗe baki. Na gani sau da yawa, na kau da kai.

Duk da haka ɗiyata ta fara lalacewa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, yana biyo hannu. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Yarinyar da ke gudu ta koma zama, daga zama ta koma kwanciya. Da, yini take tana bina tana jan zanena tana cewa, “Iya, yunwa,” har in daka mata tsawa. Sai ta daina. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar da na ankara ta kwana biyu ba ta faɗa ba. Na goya ta zuwa likita a Gazawa. Lokotoron ya duba idonta da ƙafafunta, ya ba mu wani garin magani, ya ce abin da jikinta ke nema nono ne da ƙwai. Na yi masa godiya, na goya ta muka dawo.

Bayan kwana biyu, da safe, ni da Amarya muna tsiyaye ruwan anza a bayan ɗaki. Cikinta ya kai wata bakwai, ya yi mata yawa, don sauran jikin duk ya zube. Ta daɗe tana juya hannu a cikin ƙwaryar kafin ta yi magana.

“Adda.”

“Na'am, ƴar daji.”

“Bakina shina son nono.” Sannan ta ƙara da cewa, “Ko kaɗan. Na yi mahwarkin ƙwaryar innata.”

Shekara biyu tana gidanmu, wannan ne abu na farko da ta taɓa nema. Ko a nan ɗin ma ba ta ce ita ke so ba, bakinta ta ɗora wa.

Akuya ɗaya ce ta rage da nono a duk garin, ta ungozoma, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin mutanen ƙauyen, har da ni. Jar akuya ce, a ɗakin kwananta take ɗaure ta, tana ciyar da ita da ƴaƴan gawon da ta tsinto ta tara tun sanyi. Ban taɓa kai mata kwanona ba, don na san ba ta da hatsi. A safiyar nan na ɗauki ludayi, na goya ɗiyata saboda ba ta yarda a ajiye ta, na tafi.

“Baƙonmu na ciki,” na fara.

“Bar waƙar nan,” in ji tsohuwar. “Na ji ta bakin gari har ta ishe ni. Mi yarinyar ta ce da bakinta?”

Na faɗa mata yadda Amarya ta faɗa, ban ƙara gishiri ba. 

“Wanga kam na gaskiya ne,” ta ce. “Ɗiyar da anka yaye da nonon saniya.”

Ta durƙusa ta tatsi akuyar har ta gaji, abin da ya fito bai wuce rabin ludayi ba. Ta rufe da ɗan faifai ta miƙo mini da hannu biyu.

“Ki kai mata, ki tsaya kanta har ta shanye. Ba nata ba ne, na ɗan ne. Kullum da sahe ki zo, har ran da akuyar ta ƙahe.”

Tsakanin gidanta da namu akwai wani lungu da dangogi suka matse, da itacen aduwa a tsakiya. Ina isa gindin aduwar na ji kan ɗiyata, wanda tun safe yake lilo a bayana, ya ɗago. Ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Nonon da ɗuminsa yake, ƙamshinsa na tashi ta ƙarƙashin faifan. Na tsaya, na kwance goyon, na ce kurɓi ɗaya kawai. Ta kurɓa, sai ta kama bakin ludayin da hannu biyu, da wani ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Zan iya ƙwacewa, amma ban ƙwace ba. Da ta gama na goge ludayin da yashi, na soke shi cikin zane.

Amarya na zaune inda na bar ta. Ta dubi hannuwana.

“Akuyar ta ƙahe, ƴar daji,” na ce. “Sai haƙuri.”

“To, Adda. Ba komi.”

Ba haukacewa na yi ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Hukunci na yanke, irin wanda na ga Inna na yankewa tun ina ƙarama. Na Amarya kwaɗayi ne, ita ma da kanta baki ta ambata. Na ɗiyata yunwa ce. Yunwa ke gaba. Kwana goma sha biyu ina yanke wannan hukuncin a gindin aduwa, kullum kuma yana fita daidai. Kowace safiya tsohuwar takan tambaye ni, “Ta sha?” In ce ta sha, tana godiya.

A kwana na biyar ko na shida na dawo na sauke ɗiyata a tabarma, na ɗauki taɓarya. Amarya ta jawo yarinyar ta ɗora ta a ɗan abin da ciki ya bar mata na cinya, ta sunkuya tana yi mata wasa, sai na ga ta tsaya cak. Na manta cewa wadda ta tashi a ruga ba a ɓoye mata ƙamshin nono. Akwai ɗan fari-fari a gefen bakin yarinyar, wanda idona bai kai gare shi ba. Amarya ta sa babban yatsa ta goge shi, ta dubi yatsan, sannan ta kai shi bakinta ta rufe ido. Ina tsaye da taɓarya a hannu, na kasa sauke ta cikin turmin. Can ta buɗe ido ta dube ni.

“Ta hwara samun jiki, Adda,” ta ce. “Alhamdu lillahi.”

Na ce e, ta fara.  Da gari ya waye na sake ɗaukar ludayi na goya ɗiyata, na sake tsayawa a gindin aduwa. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau, fiye da ranar farko.

Daga baya akuyar ta ƙafe da gaske. Kumburin ƙafar ɗiyata ya sace, ta koma zama, wata rana ma ta ja zanena ta ce yunwa, na rungume ta ina kuka.

Naƙuda ta kama Amarya a wata na takwas, da azahar, ranar da zafi ya kai ko kaji ba sa fitowa daga inuwa. Ungozoma ta zo. Namiji ne, tafin hannu biyu ya ɗauke shi duka. Bai yi wani kukan kirki ba. Bakinsa dai a buɗe yake, yana motsi, yana tsotson iska da wani ɗan sauti da sai ka matso kake ji. Aka kai shi ƙirjin uwarsa, babu ko ɗigo. Tsohuwar ta daɗe tana kallon bakin nan. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ɗakin, inda ɗiyata ke tsaye da ƙafafunta, riƙe da jikin ƙofa tana leƙe.

“Ɗiyarki ta miƙe,” ta ce mini.

“Ta miƙe.”

“Madalla.”

Ta wanke hannu ta fita. Har ta mutu ba ta sake tayar mini da maganar ba, kuma ba ta sake kirana da sunan wasan da take kirana da shi tun ranar da ta yanke mini cibiya ba.

Mai jego kunun kanwa take buƙata don nono ya kawo, kunun kanwa kuwa sai da gero. A yammacin nan Inna ta yafa zane, ta ɗauki ƙwarya da kanta, ta nufi gidan fataken. Na bi ta a baya. Na ji da kunnena ta tsaya a tsakar gidan mutane ta ce, “Gidana akwai yunwa. Mai jego ba ta da abin sha.” Matar gidan ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce babu ba. Ta shiga ɗaki ta fito da rabin tiya na gero, ta juye mata, ta raka ta har ƙofa. Ashe ana iya faɗa. Wata uku ina yawo da sunan yaron nan gida-gida, ashe kalmar da muke gudu tana buɗe ƙofa ita ma.

Kunun bai zo a kan kari ba. Yaron ya kwana biyar yana tsotson iska, a na biyar da hantsi bakin ya tsaya, a buɗe. Saura kwana biyu a raɗa masa suna. Baba ya naɗe shi a ƙyallen farin rawaninsa, ya haƙa masa a bayan ɗakin uwarsa, jikin danga. A makon nan aka yi ruwan shuka.

Ba wanda ya tuhume ni, amma na kasa riƙewa. Wata safiya muna tsiyaye anza ni da Inna, na faɗa mata komai, har da aduwar da yashin. Na ƙare da cewa, “Ke kinka koya mini yunwa ke gaba da kwaɗayi.”

Ba ta ɗago kai ba. “Wa ya ce miki tata ba yunwa ba ce?” ta ce. “Don ba ta hwaɗi ba?” Ta zubar da ruwan ɗacin a ƙasa, ta ɗebo wani. Can ta ce, “Mu duka munka ci.”

Ƙanena ya dawo tsakiyar damina da buhun masara rabi da tari a ƙirji. Aka ce masa an haihu bai zauna ba, ya ce Allah ya sa mai ceto ne. Amarya ba ta gaya masa komai ba. Ta ci gaba da kirana Adda, ni kuwa ƴar daji ta maƙale mini a wuya, ban sake iya faɗa ba. Bayan girbi wani kawunta ya biyo ta garin da ƴan tumaki, ya ce uwarta na raye a can kudu, tana nemanta. Aka ce ta je ta gano ta ta dawo. Ranar tafiyar ita ta goya ɗiyata har bakin gari, ta sauke ta, ta gyara mata ɗan zanenta.

“Ki riƙa ba ta nono, Adda,” ta ce. “Shina karɓar ta.”

Ba ta dawo ba. Ƙanena ya bi sawu sau biyu bai same su ba.

Tun shekarar nan ban sake shan nono ba. Ba alkawari na ɗauka ba, maƙogwarona ne ke rufewa da na ji ƙamshinsa. Fura ma da ruwa nake dama ta, mutane na cewa tsiyata ce. Sautin tsotson yaron nan kuma bai bar ni ba. Da rana tsaka nake jin sa, lokacin da gida ya yi tsit, ko in ɗan akuya ya kama nonon uwarsa a bayan ɗaki. An rushe ɗakin Amarya tuntuni, an ja gini na siminti ta wajen, ƴaƴan ƙanena na aurensa na biyu suna kafe babur a daidai gurin da aka binne shi. Ba su san komai ba. Ni in zan wuce sai in zagaya.

Ɗiyata ta girma ta zama katuwar mace mai dariya da ƙarfi, ta yi aure a Gidan Rumji. Da cikinta na fari ya tsufa aka kawo mini ita goyon ciki. Wata safiya tana kishingiɗe a tabarma ta yi miƙa ta ce, “Iya, nono nika kwaɗayi.” Haka ta faɗa, kai tsaye, ba ta ɗora wa baki ba.

Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Na je har rugar da ke bayan gari na cika ƙwarya, na rufe da faifai, na riƙo da hannu biyu. Mutum uku suka gaishe ni a hanya, ban tsaya ba. Na ajiye a gabanta na tsaya.

“Iya, kin tsaya kaina kamar jandarma,” ta ce tana dariya. Ta kafa kai ta sha, ta sha, ta huta, ta sake sha. Da ya rage kaɗan a gindin ƙwaryar sai ta miƙo mini. “Ke ma kurɓa mana. Ni ban taɓa ganin kin sha ba.”

“Shanye,” na ce. “Ba naki ba ne.”

Ta shanye, ta sa babban yatsa ta goge gefen bakinta. Na karɓi ƙwaryar na zagaya bayan ɗaki, na durƙusa, na daɗe ina goge ta da yashi.